Maigida Zai Kai Ni Zanzibar, Ni Kuwa Gabana Sai Faɗuwa Yake

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku, autan ya shekara biyu da rabi kuma an yaye shi. Maigidana ya daɗe yana tara kuɗi, yanzu ya ce zai kai ni Zanzibar mu yi mako guda, daga ni sai shi. Tun ranar da ya faɗa na kasa sakewa. Hotunan da nake gani a Instagram duk Turawa ne rabin tsirara a bakin ruwa, ga kwalaben giya, ni kuwa da hijabi nake fita kuma ban iya iyo ba. Hajiya mahaifiyarsa ta ce almubazzaranci ne. Ban taɓa kwana nesa da yarana ba. Abin da na kasa gaya wa kowa kuwa shi ne, tun da na haifi ɗan fari ba mu taɓa yini guda mu biyu kaɗai ba, ina tsoron mu je can mu rasa abin cewa da juna. In ce masa a fasa?

Maman Uku, daga Kaduna

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ce a fasa. Namijin da ya yi ta ƙulla kuɗi a gefe don ya fita da matarsa bayan shekara tara, abin da ya miƙo miki ya fi kuɗin jirgi nauyi, kuma idan kika mayar masa da shi, da wuya ya sake miƙo irinsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga kin jera damuwa huɗu ko biyar, amma ta ƙarshen ce ke hana ki barci. Zan zo kanta. Bari mu fara share waɗanda suka tare hanya.

Hotunan da kike gani gaskiya ne, amma ɗan yanki ne ƙarami na tsibirin. Zanzibar ƙasar Musulmi ce, kusan duk mutanenta masu salla ne. Yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatin kansa tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964, kuma babban tsibirin da za ku sauka sunansa Unguja. Da kin fito daga filin jirgin Abeid Amani Karume za ki ga mata da abaya da mayafi, maza da jallabiya da hula, 'yan makaranta mata da fararen hijabai kamar a Tudun Wada. Lokacin da muka je da maigidana, kiran sallar la'asar ne ya tarbe mu a hanya. A cikin gari ke ce za ki saje da jama'a, Baturiyar ce za a ce wa ta rufe kafaɗa da gwiwa, don hukumar tsibirin ma ta sha jan kunnen baƙi a kan haka. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudu akwai masallacin da rubutun da ke jikin bangonsa ya nuna shekarar 1107. Har harshen nasu ba zai yi miki baƙunta sosai ba, don Suwahili ya sha Larabci kamar Hausa. Suna cewa habari mu ce labari, sabuni mu ce sabulu, karafuu mu ce kanumfari, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an fassara miki ba.

Inda giya da kiɗa da tsiraici suke shi ne cikin wasu otal-otal da wasu bakin ruwa, saboda haka zaɓen masauki shi ne rabin tafiyar. A nan nake so ki zauna da shi ku duba tare, kada ki bar masa shi kaɗai, kada kuma ku bar wa wakilin tafiya ya zaɓa muku daga hoto.

Gaɓar arewa, wato Nungwi da Kendwa, ita ce ta fi suna. Ruwanta ba ya janyewa da nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci, kuma ana ganin faɗuwar rana a kan teku. Amma can ne cunkoso, can ne matasa ke casu, a Kendwa ma an san su da shagalin dare idan wata ya cika. Gaɓar gabas, irin su Matemwe da Bwejuu da Jambiani, ta fi shiru, sai dai Paje da ke tsakaninsu ta cika da matasa masu wasan iska a kan ruwa. A gabas ɗin akwai wani abu da babu wanda ya gaya mana kafin mu je. Sau biyu a kowace rana teku yana janyewa, ya yi nisa har sai kin hango shi can kamar zare. Ranar da muka ƙaura gabas ɗin mun iso da rana, maigida ya buɗe labulen ɗaki yana ɗokin nuna mini ruwan da ya biya kuɗi a kansa, sai ga fili fetal na yashi da duwatsu. Ransa ya ɓaci, har ya sauka wurin masu karɓar baƙi yana cewa an yaudare mu. Ma'aikacin ya nuna masa wani allo da suke rubuta lokutan cika da janyewar ruwa, ya ce ya jira bayan la'asar. Kafin magariba ruwa ya dawo har gindin matakala.

Wannan janyewar ce ta zama abin da na fi so. Idan ruwa ya tafi, matan ƙauye suna fitowa da zannuwansu da ɗankwali, su shiga filin su zauna cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyin da suka kafa da turaku. Noma ne sosai, su shuka, su girbe, su shanya, su sayar. Na tattare zanena na bi su. Wata dattijuwa ta miƙo mini igiya ta nuna mini yadda ake ƙullin, babu Hausa babu Turanci, muka yi ta dariya. Ga macen da ba ta iya iyo ba, gabas ta fi, don za ki yi tafiya mai nisa cikin teku ruwa bai wuce idon sawunki ba. Sharaɗi biyu ne kawai. Ki sa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke laɓewa cikin duwatsu, idan ta soke ki ta ɓata miki kwana biyu. Sannan ki tambayi lokacin dawowar ruwa kafin ki fita, ki juyo da wuri.

Shawarata ita ce ku raba makon. Kwana biyu a tsohon birni, wanda suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma suna ce masa Birnin Dutse, sauran kwana biyar a ƙaramin otal a gabas. Daga birni zuwa can tafiyar awa ɗaya ce ko da ɗan ɗori a mota. Kafin ku biya ko sisi, ku rubuta wa otal ɗin ku yi tambaya kai tsaye. Ana kiɗa da dare, kuma har ƙarfe nawa? Ɗakin yana da nisa da mashaya? Mace za ta iya shiga wurin ninƙaya da kayan wanka masu rufe jiki? Ana dafa alade a kicin ɗin, kuma daga ina suke sayen nama? Za su kwashe giyar da ke cikin ɗan firjin ɗaki kafin ku iso? Otal ɗin da ya amsa waɗannan da daɗin rai ya saba da irinku. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ku bar shi. Idan aljihu zai ɗauka, akwai ɗakuna masu ɗan wurin ninƙaya nasu na kansu a cikin katanga. Ko na kwana biyu ne ku kama irinsa, don a nan ne za ki cire mayafi, ki shiga ruwa daga ke sai mijinki, kuma ina ganin kuɗin da aka kashe a nan ya fi wanda aka kashe a kan katafaren otal mai suna.

Ga wani wurin da ake cin kuɗin mutanenmu. Manyan otal-otal suna da tsarin biyan komai a dunƙule, ci da sha dare da rana. Kaso mai tsoka na wannan farashin kuɗin barasa ne, ku kuwa ba sha za ku yi ba, kenan kun biya wa wasu. Ku ɗauki tsarin karin kumallo da abincin dare kawai, da rana ku ci a waje. Abincin ba zai ba ki wahala ba: shinkafar pilau da biriyani, gasasshen kifi, miyar kwakwa, jatan lande, ƙaguwa, da wata halitta mai hannu takwas da suke kira pweza. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, sai dai idan ranki bai kwanta da shi ba. Da dare a lambun Forodhani da ke bakin ruwan tsohon birni ana baje kolin abinci, ku je ku sha ruwan rake da citta da lemon tsami, ku ɗanɗana miyar urojo. Amma kifi da naman da aka jera tun yamma, ku zaɓi wanda za a gasa a gabanku, ku kuma yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Ki tafi da yajinki da ɗan kilishi ko dambun nama a jaka saboda ranar da baki ya gaji da kwakwa. Ruwan sha kuwa na gora kawai.

Kayan sawa kada su dame ki. Dogayen riguna marasa nauyi na auduga, mayafai masu sauƙin bushewa, hula mai faɗi a kan ɗankwali. Baƙar abaya mai kauri za ta dafa ki da rana. Ki nemi kayan wanka na mata Musulmi tun daga gida, riga da wando da hula haɗe, ki gwada su kafin tafiya. Kada ki shiga ruwa mai zurfi da hijabi ko zani, don idan suka jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa. Duk kwalekwalen da za ku hau, ki tabbata an ba ki rigar kariya daga nutsewa kin ɗaure ta tun kafin a tashi, idan babu ku sauka. Rana kuma tana ƙona baƙar fata a bakin teku, ki shafa man kariya a fuska da hannu da bayan ƙafa.

Batun salla akwai abin da zai ba ki mamaki. Mu nan mun saba idan an ce alƙibla an ce gabas. A Zanzibar alƙibla arewa take, don Makka kusan saitin tsibirin take ta sama. Ki duba alamar da ke ɗaki ko ki tambayi ma'aikata, yawancinsu masu salla ne, za su nuna wa maigida masallacin ƙauye ma. Mafi yawansu Shafi'awa ne, zai ji liman yana bayyana bisimilla, ya kuma ga ana ɗaga hannu a yi ƙunutin asuba bayan ruku'u. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Suna kuma da lissafin lokaci irin nasu da ke farawa daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya. Idan kun yi alƙawari da direba ko mai jirgin ruwa, ku nuna masa a fuskar agogo.

Takardu su ne abin da ba ya jira. Masu fasfon Nijeriya da na Nijar ba sa samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewa, kuma hukumar shige da ficensu tana ba da shawarar a nema da wata biyu kafin tafiya. Kada ku yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito. Kuna buƙatar katin rigakafin cutar shawara, allurar kuma sai ta kwana goma kafin ta fara aiki. Tun watan Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44 ko da yana da wata. Otal-otal suna karɓar harajin kwana a kan kowane mutum, ku tambaya ko yana cikin farashin da aka ba ku. Jirgin Ethiopian Airlines yana bi ta Addis Ababa ya sauke ku a tsibirin. Dalolin da za ku riƙe su zama sababbin bugu marasa yagewa, ku canza wasu zuwa shilin na Tanzaniya don tasi da kasuwa. An hana shiga da ledar zuba kaya ƙasar tun 2019, ki ƙulla kayanki a jakar yadi. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Ku guji watan Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina ne, otal yana araha amma za ku yini a ɗaki. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa, Janairu da Fabrairu akwai rana da zafi. Ku kwana cikin gidan sauro.

A bakin ruwa samari za su yi ta tare ku da tallar yawon jirgi da sarƙoƙi da zane. Yawancinsu neman abinci suke. Ki koyi cewa hapana, asante, wato a'a, na gode, ki faɗa da murmushi ki wuce.

Yanzu Hajiya. Wannan magana tsakanin ɗa da mahaifiyarsa ce, ke kada ki sa baki, kada ki kare kanki, kada kuma ki riƙe ta a zuci. Ta taso a zamanin da mace ba ta fita sai gidan biki ko asibiti ko Makka, ba mamaki ta ga abin wani iri. Shi zai je ya durƙusa ya ce mata ba bashi ya ci ba, kuɗin makarantar yara da cefanen gidanta duk ya ajiye, albarkarta yake nema. Idan akwai bashi a kansa ko wani haƙƙin da bai sauke ba, to Hajiya ta fi ku gaskiya, a ɗaga tafiyar har a sauke. Idan babu, kashe halal don faranta wa iyali ba ya cikin almubazzaranci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a cikin tafiya, bayan ya ce wa sahabbai su yi gaba. Ke dai ki je ki yi mata sallama da kanki, ki roƙi addu'arta.

Yara kuwa, ki bar su a hannun wadda suka saba da ita, a gidan da suka saba idan zai yiwu. Kafin tafiya ki gwada barin autan ya kwana ɗaya ko biyu a wurinta kina gari, don ku duka ku ɗanɗana. Ki rubuta magungunansu da lambar likita ki manna a bango. A can ki tsayar da lokaci ɗaya na kiran bidiyo a rana, bayan la'asar ɗin gida misali, ban da shi ki ajiye waya. Daren farko wataƙila ki yi kuka. Na yi nawa a banɗaki, ban ɓoye wa maigida ba, kuma da safe na ji sauƙi.

To, ga wadda ta fi ci miki rai. Kin ce kina tsoron ku rasa abin cewa. Za ku rasa ɗin, a rana ta farko, wataƙila har ta biyu. Shekara takwas hirarku kuɗin makaranta ce da gas da zazzaɓin wane da bikin wance. Idan aka kwashe waɗannan a lokaci guda dole a ji wurin ya yi fayau. Wannan shirun ba ya nufin ƙauna ta ƙare, kuma ina zargin shi ma ya lura da abin da kika lura da shi, shi ya sa ya yi ta tara kuɗin. Kada ki tsorata ki ruga ga waya, kada kuma ki cike wurin da tsofaffin laifuka. Akwai matan da ke tara ƙorafin shekaru su ce sai an keɓe za su zazzage, sai a dawo gida da gaba. Idan akwai maganar da dole a yi ta, ki bar ta sai rana ta huɗu ko ta biyar, lokacin da jiki ya saki, ki kawo guda ɗaya tak.

Dalilin da ya sa na ce ku fara da tsohon birni kenan. Mutum biyu da suka daɗe ba su yi hira ba, zama fuska da fuska yana yi musu nauyi, tafiya kafaɗa da kafaɗa ta fi sauƙi. Lungunan birnin ƙanana ne, mota ba ta shiga yawancinsu, za ku ɓace ku sake ɓacewa, ku tsaya kuna kallon manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyi a samansu. Ku shiga kasuwar Darajani. Ku je inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, a sauka da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake cewa a nan ake tsare mutane, za ku fito jikinku a sanyaye kuma za ku sami abin tattaunawa har dare. Washegari ku je gonar kayan ƙamshi. A nan ke ce malama. Za a murza ganye a miƙo a ce ku canka, shi zai tsaya yana zare ido, ke kuwa da shaƙa ɗaya za ki ce kanumfari ne, wannan kirfa, wannan masoro. Ni ban taɓa sanin kirfa ɓawon itace ba ce sai da aka ɓantaro mini ita daga jikin bishiya. Maigidana ya kalle ni ranar kamar bai taɓa sanin na san wani abu da ya wuce tukunya ba, daga nan ya fara tambayata yadda kakata take haɗa turaren wuta, muka kai magariba a kan labarin ƙuruciyata da bai taɓa ji ba.

Idan kun koma bakin teku, kada ku cika kwanakin da yawo. Fita ɗaya a rana ta isa, wata ranar ma babu. Dajin Jozani mai jajayen birai yana kan hanyar Bwejuu da Jambiani, kuna iya tsayawa a ranar da za ku ƙaura. Ku tambayi juna tun a gida abin da kowa ya fi so, don kada shi ya zo da jerin wurare goma ke kuwa barcin shekara takwas kike son ramawa. Ku ajiye magana a kan hotuna ma: wanne za a ɗauka, wanne za a tura wa dangi, wanne zai tsaya a wayarku. Ni dai ina ganin a bar sanya su a intanet sai an dawo, kuma kaɗan. Ki yi lalle da kitso kafin ki tafi, ki ɗauki humrarki da kayan da kika daɗe kina ajiyewa a ƙasan akwati. Bayan sallar asuba ku fito baranda da shayi, a gabas rana daga cikin ruwa take fitowa, masunta kuma suna turo jiragensu na katako a daidai lokacin.

Tsarabar Hajiya ki saye ta a Darajani tun kwanakin farko, kada ki bari sai filin jirgi inda farashi ke ninkawa: kanumfari da kirfa masu yawa, da zanen kanga turmi biyu. Kowane kanga yana da rubutun Suwahili a gefensa, wasu addu'a ne, wasu kuwa habaici ne irin na kishiyoyi, saboda haka ki sa mai shagon ya fassara miki kafin ki biya. Fasfo ɗinki kuma ki ciro shi yau ki duba, ya zama yana da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ku shiga ƙasar.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinki